Daga Rum zuwa Gimi: Doguwar Tafiyar Hoton Maryama da Ɗanta

Ranar 6 ga Janairu, 1520, aka fito da wani fursuna daga kurkukun Sant'Anjelo da ke birnin Rum, aka kai shi majami'ar Waliyyi Bitrus, Fafaroma Liyo na Goma ya yi masa baftisma da hannunsa. Sunan fursunan Alhasan ɗan Muhammadu Alwazzan, haifaffen Garnaɗa a Andalus, girman birnin Fas, malami kuma ɗan aiken sarki. 'Yan fashin teku ne suka kama shi a Bahar Rum a 1518, da suka ga ba ƙaramin kamu suka yi ba sai suka kai shi gaisuwa ga Fafaroma. Ko zuciyarsa ta bi bakinsa a wannan rana, masana har gobe suna ja-in-ja. Wanda yake hannu dai ba shi da ta cewa, kuma ana kyautata zaton daga baya ya sulale ya koma Tunis. Abin da ba a musu a kansa shi ne littafin da ya gama a 1526, aka buga shi a Benis a 1550, wanda a cikinsa masu karatun Turai suka ci karo da sunayen Kano da Katsina da Gobir da Zamfara, da wata ƙasa da ya kira Zegzeg, wato Zazzau.

Ya ce mutanen Zazzau masu wadata ne, fatake, ƙasarsu na da ruwa da hatsi, wani sashe nata zafi, wani sashe kuma sanyi ne mai tsanani har mutane kan zuba garwashi a ƙarƙashin gado kafin su kwanta. Wasu masu tarihi na ganin bai taka ƙasar Hausa da ƙafarsa ba, a bakin fatake ya ji. To, ko a bakin wa ya ji, wanda ya gaya masa ya san gida, domin duk tsohuwar da ta taɓa zaman jego a ƙauyukan Zazzau irin su Taba ko Hunkuyi ta san wannan gadon ƙasa da ake hura wa wuta.

Majami'ar da aka yi baftismar a lokacin filin gini ce, an rushe wani sashe na tsohuwar ana ɗora sabuwa. Mai kula da aikin tun 1514 wani mai zane ne ɗan garin Urbino, Rafayel, wanda wata uku bayan haka, ranar 6 ga Afrilu, ya rasu yana da shekara 37. Ke nan mutumin da ya shigar da sunan Zazzau cikin littattafan Turai, da mutumin da ya fi kowa shahara wajen zana Maryama rungume da jaririnta, ubangida ɗaya ke ciyar da su a gari ɗaya. Amma sai da aka yi kusan shekara 400 kafin irin wannan hoto ya iso ƙasar Zazzau, alhali wasu daga cikin kayan da ake yin sa sun daɗe suna ratsa Sahara zuwa arewa a bayan raƙuma.

Siffar hoton sananniya ce, ko ga wanda bai taɓa shiga coci ba: mace a zaune ko a tsaye, jar riga a ciki, shuɗin mayafi a sama, jariri a hannunta. Asalinsa ya girmi Italiyawan ƙarni na 15 nesa ba kusa ba. A shekara ta 431 manyan limaman Kirista suka taru a birnin Afisa, a ƙasar Turkiyya ta yau, suka tabbatar wa Maryama matsayin da ya sa girmama ta ya bazu. Masu zanen Rumawan gabas suka riƙa yin ta da fuska a ɗaure, bayanta zinariya zalla, jaririn kuma kamar wani ƙaramin dattijo mai sanƙo. Su ma ba su kwashe lafiya ba. Daga wajen 726 zuwa 843 aka yi ta rikici a daularsu kan ko halal ne a ajiye hoto a wurin ibada, aka farfasa da yawa, kafin masu goyon bayan hoto su yi rinjaye.

Abin da Italiyawa suka ƙara, a zamanin da ake kira na Farfaɗowa, shi ne jini da tsoka. Tun daga Jotto a wajen 1310 mayafin ya fara nuna cewa akwai gwiwa da kafaɗa a ƙarƙashinsa. Zuwa tsakiyar ƙarni na 15 uwar ta zama kamar wata maƙwabciya, yaron kuma ya zama yaro, yana jan gyalen uwarsa, yana miƙa hannu ga ɗan itace, yana wasa da tsuntsu. Masu saye ma sun ƙaru. Ban da coci-coci da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, magidanta kan sayi ƙanana su rataye a ɗakin kwana, kuma wani mai wa'azi na birnin Fulorans, Jobanni Dominici, ya shawarci iyaye mata a farkon ƙarnin da su ajiye irin waɗannan hotuna inda yara za su riƙa ganinsu, don su tashi da tarbiyya.

Yadda ake aikin kuwa an san shi dalla-dalla, saboda wani mai zane, Cennino Cennini, ya zauna a wajen 1400 ya rubuta sirrin sana'ar. Da katako ake farawa, a shafe shi da farar ƙasa da aka kwaɓa da gam na fatar dabba, shafi bisa shafi, a kankare har ya yi sumul. Inda za a sa zinariya sai a shafa jan yumɓu. Ita zinariyar daga kuɗi ake samo ta: maƙera su ɗauki tsabar zinariya guda su yi ta bugu har ta fi fatar albasa rashin kauri, kuma Cennini ya yi ƙorafin cewa masu bugun kan fitar da ganye 145 daga tsaba ɗaya, alhali bai kamata su wuce 100 ba. A manna ganyen, a goge shi da haƙorin kare ko wani dutse mai santsi har ya riƙa ɗaukar ido. Launuka kuma da gwaiduwar ƙwai ake kwaɓa su. Har ya bambanta ƙwan kajin birni da na ƙauye: na birni gwaiduwarsa ba ta cika ja ba, ita ta dace da fuskar matasa, na ƙauye kuma a bar wa fuskar tsofaffi.

Tsabar da ake bugawa ita ce fulorin, wadda Fulorans ta fara yi a 1252, mai nauyin kusan giram uku da rabi, ko kuma dukat ta Benis. Kaso mai tsoka na zinariyar da ke yawo a Bahar Rum a waɗannan ƙarnuka daga Afirka ta Yamma yake, daga Bambuk da Bure, daga baya kuma dazukan Akan, ya bi ta Sijilmasa da Tilimsan da Tunis ya faɗa hannun 'yan kasuwar Jenowa da Fisa da Benis. Turawa sun san da haka. Taswirar da aka zana a tsibirin Mayorka a 1375 ta nuna Mansa Musa na Mali zaune riƙe da dunƙulen zinariya, shekara hamsin da ɗaya bayan hajjinsa na 1324. A 1447 wani Bajenowe, Antoniyo Malfante, ya kai har Tuwat yana cigiyar inda ake haƙo ta, aka yi masa rowar amsa. Gaskiya ne daga ƙarni na 14 ma'adinan Hangare su ma sun riƙa zuba tasu, kuma ƙasar Hausa ba ita ce uwar zinariyar ba. Sai dai Wangarawan da ke riƙe da wannan fatauci su ne Tarihin Kano ya ce sun iso zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385, suka zo da addini da kasuwanci tare. Hanyar da ta kai zinariya Fulorans reshenta ne ya kawo malamai Kano.

Shuɗin mayafin ya fi zinariyar ban mamaki. Daga wani dutse ake samun sa, lazawardi, wanda a lokacin kusan wuri ɗaya ake haƙo shi, a duwatsun Badakshan da ke Afganistan. Ya ratso ƙasashen Musulmi zuwa Sham da Masar, jiragen Benis su kwasa. In an niƙa shi haka kawai toka-toka yake bayarwa. Sai an kwaɓa garin da kakin zuma da ƙaron itace, a bar shi ya kwana biyu, sannan a riƙa murza ƙullun a cikin ruwan toka, shuɗin ya riƙa fita a hankali. Na farko shi ne mai daraja, na ƙarshe kuma ragowa. Marinan Ƙofar Mata a Kano, da su ma ruwan toka ke tayar musu da baba, ba za su ga baƙon abu a wannan haƙuri ba. Tsadarsa ta sa ake rubuta shi a yarjejeniya. A ranar 23 ga Oktoba, 1485, gidan marayun Fulorans ya ƙulla da mai zane Girlandayo cewa zai yi musu hoto cikin wata 30 a kan fulorin 115, da sharaɗin shuɗin da zai sa ya kasance na kimanin fulorin huɗu kowane oza. Wannan ne ya sa ake keɓe wa mayafin Maryama mafi kyawun shuɗi, a yi wa sauran mutanen cikin hoton da mai araha. Mai kallo na wancan zamani yana ɗaga ido ya san nawa aka kashe.

Sai kuma rubutun. Wanda ya je gidan tarihin Uffizi a Fulorans ya tsaya gaban babban hoton da Jentile na Fabriyano ya gama a 1423 don attajiri Palla Strozzi, zai ga a cikin da'irar zinariya da ke kewaye da kan Maryama akwai haruffa masu dogayen alifai da lamai, an raba su da 'yan furanni. Ba sa karantuwa, kwaikwayo ne na wanda bai iya Larabci ba, amma tsarinsu na farantan tagulla ne da ake ƙerawa a Masar da Sham zamanin Mamluk. Ba abin mamaki ba ne, domin a 1422 Fulorans ta tura jakadu Alƙahira wurin Sarki Barsbai neman izinin ciniki. Haka ake ganin irin wannan rubutu a bakin mayafai, ana kuma ganin dardumar Turkiyya shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafafun Maryama, wasu ma da siffar mihrabi a jiki. Masu zanen ba wa'azin Musulunci suke yi ba. Sun ɗauka wannan shi ne rubutun ƙasa mai tsarki, kuma sun san kaya mafi daraja a kasuwa daga gabas suke zuwa, shi ya sa suka yi wa wadda suka fi girmamawa ado da su.

Zuwa lokacin Rafayel yayi ya juya. Tun 1435 masanin gini Alberti ya ce gwaninta ita ce mai zane ya nuna ƙyallin zinariya da launi, ba ya manna ta ba. Fenti mai haɗin mai, wanda masu zanen Filandas suka ƙware a kai, ya ture na ƙwai. Masu kuɗi suka koma biyan hannun gwani maimakon nauyin kaya.

A 1512 Fafaroma Yuliyos na Biyu ya sa Rafayel ya yi wa majami'ar San Sisto da ke garin Piyacenza hoton da za a kafa a bayan bagadi. A kan ƙyalle ya yi shi, tsawonsa ya haura mita biyu da rabi, faɗinsa kusan mita biyu. An ja koren labule gefe biyu, Maryama na tahowa a kan gajimare ba takalmi, ba kujerar mulki, ba kambi, tana riƙe da yaron kamar za ta miƙa shi. Abin da ke tsayar da mai kallo shi ne idanun su biyun: babu murmushi, kallo ne na wanda ya hango abin da ke tafe. A ƙasa can akwai wasu yara biyu masu fukafukai sun yi tagumi, kamar waɗanda aka tilasta wa zaman jira. Abin dariya, su ne suka fi sauran hoton kasuwa, ana buga su a kofuna da katunan gaisuwa, da yawan masu saye ba su ma san daga ina aka yanko su ba.

Hoton ya yi shekara 240 a inda aka kafa shi. A 1754 sufayen majami'ar, da bashi ya yi musu katutu, suka sayar wa Agustus na Uku, mai mulkin Saksoni da Folan, aka kai shi Diresdan a Jamus. A yaƙin duniya na biyu an ɓoye shi a wani ramin jirgin ƙasa, shi ya sa ya tsira lokacin da jiragen yaƙi suka ƙone birnin a Fabrairun 1945. Sojojin Rasha suka gano shi suka tafi da shi Mosko, ya yi shekara goma a ɓoye, sai a 1955 aka nuna shi ga jama'a kafin a mayar wa Jamus ta Gabas. Yana Diresdan har yau.

Kada a ɗauka duk Kiristocin Turai sun yi na'am da wannan ado. A Fulorans ɗin kanta mai wa'azi Sabonarola ya riƙa caccakar masu zane cewa suna ɗaukar fuskokin 'yan matan gari suna kiran su Maryama, suna yi mata shigar da ba ta taɓa yi ba. A Fabrairun 1497 mabiyansa suka tara kayan ƙawa da hotunan da suke ganin na batsa ne suka cinna musu wuta a dandalin gari, shekara guda bayan haka shi ma aka rataye shi aka ƙone gawarsa a dandalin. 'Yan shekaru kaɗan kafin nan Shehu Magili yana Kano yana rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasihar mulki. Zamanin masu kiran gyara ne a gaɓa biyun Sahara. Babbar girgizar ta zo a 1517, lokacin da Martin Luta ya tayar da ƙayar baya kan takardun yafe zunubi da ake sayarwa don a sami kuɗin ginin nan da Rafayel ke kula da shi. Luta kansa bai matsa kan hotuna ba, amma wasu da suka biyo baya sun matsa. An fitar da hotuna daga coci-cocin Zurik a 1524, an farfasa na Holan a 1566, an shafe na Ingila da farar ƙasa zamanin Sarki Edwad na Shida. Cocin Katolika ya ba da amsa a taron Tirento a 1563: girmamawar da ake yi wa hoto ba ta katako da fenti ba ce, ta wanda aka zana ce. Wannan rabuwar kai ita ce za ta yanke irin Kiristancin da ya fara isowa Zazzau.

Musulmi kuwa ba su buƙatar a gabatar musu da Nana Maryama. Ita kaɗai ce macen da Alƙur'ani ya ambata da sunanta, sura ta 19 sunanta take ɗauke da shi, kuma ita Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta a gaban Najjashi lokacin hijirar Habasha. A Habashar ne kuma Ummu Salama da Ummu Habiba suka ga wata majami'a mai hotuna, suka ba Annabi (SAW) labari, ya nuna ƙyamar yin haka a wurin ibada, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Nan matsayin malamai ya tsaya: girma ga uwar Annabi Isa (AS), amma ban da surantawa. Duk da haka an sami sarakunan da suka saki jiki. A 1580 limaman Katolika suka isa fadar Sarki Akbar na Indiya ɗauke da kwafin wani tsohon hoton Maryama na Rum, ya karɓe su hannu bibbiyu, masu zanen fadarsa suka yi ta kwaikwaya, har akwai zanen ɗansa Jahangir riƙe da hoton Maryama.

A Afirka, Habasha ta daɗe da sanin irin wannan hoto. Sarki Zara Yakub, wanda ya yi mulki daga 1434 zuwa 1468, ya wajabta girmama hoton Maryama a coci-cocin ƙasarsa. A wajen 1480 wani mai zane ɗan Benis, Nikolo Barankaliyon, ya isa can, aka hana shi komawa, har jakadun Fotugal suka tarar da shi a 1520 ya zama attajiri. An ruwaito cewa ya taɓa jawo wa kansa surutu da ya zana jaririn a hannun hagu na uwarsa, yadda aka saba a Italiya, sufayen Habasha suka ce wannan raini ne, hagu ba hannun girma ba ne. Bahaushen da aka tsawata masa tun yana yaro kan karɓar abu da hagu ya san inda suka dosa.

Ƙasar Hausa ta ga limaman Katolika tun da wuri, amma ba su bar komai ba. A 1710 wasu biyu 'yan ɗariƙar Faransis, Karlo Mariya na Jenowa da abokinsa Sebarino, suka taso daga Tarabulus ta Agadas, suna bin jita-jitar cewa akwai Kiristoci a Kwararrafa. A Katsina ciwo ya kama su, suka mutu a 1711.

Labarin da ya shafi yankin Ikara da Makarfi na ƙasar Zazzau kai tsaye daga cikin gida ya taso, kuma ta hanyar karatu. A tsakiyar ƙarni na 19 wani malami a Kano, Malam Ibrahim, ya zurfafa bincike kan ayoyin da ke magana a kan Annabi Isa, ya riƙa koyar da abin da hukuma ta ga ya saɓa, aka kashe shi a kasuwar Kano a wajen 1867, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Almajiransa, da aka sani da Isawa, suka watsu zuwa Ningi da ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauci, suna noma suna riƙe da abin da aka koya musu. A ɗaya gefen kuma Dokta Walta Mila na mishan ɗin Angilika, wanda Sarkin Kano Alu ya sallame su shi da 'yan tawagarsa a 1900, ya sami wurin zama a birnin Zariya a 1905, ya yi shekaru yana fama da ƙarancin mabiya. A 1913 wasu daga cikin 'ya'yan Isawa suka zo wurinsa da kansu. Daga nan aka kafa musu ƙauye a Gimi, a ƙasar Makarfi ta yau, kusa da layin dogon da ya isa Kano a 1911, aka ɗora wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, W. A. Thompson, ya zauna da su. Ana danganta masa shigo da injin matse rake da dafa mazarƙwaila a yankin, sana'ar da har yau Makarfi da Kudan ke taƙama da ita.

Ƙauyen mishan na Gimi bai yi tsawon rai ba. Ƙudan tsando na bakin rafi ya kawo ciwon barci, cikin 'yan shekaru ya kashe da yawa, sauran suka koma Zariya. Annobar ba su kaɗai ta ci ba, ita ce daga baya ta sa gwamnatin Turawa ta tashi ƙauyukan Anchau ta gina Takalafiya. A 1929 mishan ɗin ya bar cikin birni ya koma Wusasa, magina Hausawa suka gina majami'ar Waliyyi Bartalamawus da ƙasa, da bakan gizo irin na soron sarakuna, a 1932 kuma aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Daga wannan 'yar ƙaramar al'umma aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau, jinin Isawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Abin lura shi ne babu gurbin hoton Rafayel a wannan labari. Mila da abokansa jikokin waɗanda suka shafe bangon coci da farar ƙasa ne, addininsu na littafi ne da wa'azi da waƙa. Waɗanda suka karɓe su kuma jikokin almajirai ne da suka tashi da allo da tawada. A kan batun ajiye hoto a wurin ibada, Kiristan Gimi ya fi kusa da maƙwabcinsa Musulmi fiye da mutumin Rum.

Hoton ya iso ne daga kudu, kuma a kan takarda. Limaman Katolika sun kafa zango a Shandam a 1907, sannan suka bi ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna zuwa unguwannin Sabon Gari na Zariya da Kano da Kaduna. Daga baya aikinsu da na sauran ɗariƙu ya shiga ƙauyukan Maguzawa, har a shekara ta 2000 aka ba Zariya nata bishop na Katolika, George Dodo. Abin da suka zo da shi ba katako da zinariya ba ne: 'yan katuna ne masu launi, da lambobin wuya, da mutum-mutumin farar ƙasa, da kalanda, yawanci jikokin jikokin zanen Italiya da injin buga takarda ya wanke musu ɗanɗano. Rafayel ne ma ya buɗe wannan ƙofa, domin tun yana raye ya haɗa kai da Markantoniyo Raimondi, mai sassaƙa zane a kan farantin tagulla, ana buga ayyukansa ana sayarwa.

Fuskar da ke jikin katunan ta Baturiya ce, kuma wannan ya dami wasu daga cikin limaman kansu. A 1947 Fada Kevin Carroll da Fada Sean O'Mahoney suka buɗe wata ma'aikata a Oye-Ekiti, suka tara masassaƙan Yarabawa, cikinsu har da George Bandele da Lamidi Fakeye, wanda Musulmi ne, suka ce su sassaƙa labaran Linjila da hannun gida. Aka sami Maryama da ɗaurin zane da kitso, wani lokaci da goyo. Ba Turawa kaɗai suka ƙi abin ba. Kiristocin gida da yawa sun ce waɗannan sun yi kama da gumakan da aka raba su da su jiya jiya, su a bar musu Baturiyarsu. A 1954 aka rufe ma'aikatar.

Muhawarar ta iso Zariya ta wata ƙofa. A 1955 aka mayar da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya daga Ibadan zuwa Zariya, malamansa galibi Ingilishi, manhajarsa ta makarantun Landan, inda ake koyon ma'aunin jiki da nisa da kusa bisa ƙa'idojin da Italiyawan ƙarni na 15 suka shimfiɗa. A 1958 wasu ɗalibai, Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da abokansu, suka kafa ƙungiyar da daga baya aka yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Ba su ce a zubar da dabarun Turai ba, cewa suka yi a haɗa su da zanen gida. Grillo, Musulmi ɗan Legas, ya yi suna da shuɗin launi da zanen mata da 'ya'yansu, kuma shi ya yi wa coci-coci da dama na Legas tagogin gilashi masu launi. Ya rasu a 2021. Nwoko ya tsara majami'ar 'yan ɗariƙar Dominik a Ibadan. Onobrakpeya kuma, da ƙarfafawar Fada Carroll, ya zana wa cocin Waliyyi Bulus na Ebute Metta matakai 14 na labarin gicciye a ƙarshen shekarun 1960, inda Maryama da sauran mata ke sanye da tufafin gida, sojojin Rum kuma da kakin 'yan sandan mulkin mallaka. A 2023 gidan tarihin High da ke Atlanta a Amurka ya shirya baje koli na musamman kan waɗannan ayyuka nasa, yana da shekara 90, a shekarar da ta biyo kuma aka kai su Washinton.